Da Sauƙin da Ya Kusa Kashe Ni

Kurmin Kogi,
Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Uwata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tun da ga ki can tsakar gida ina jin ki kina faɗa da kaji a kan shanyar innarki. Allah Ya tsare min ke a gida, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda za ki sauka.

Za ki yi mamakin wanda kuke gida ɗaya ya rubuto miki wasiƙa. Bakina ne ba ya iya ɗaukar maganar nan. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. In na kira ki zan faɗa, sai harshena ya yi nauyi, in ƙare da tambayarki ko an ba doki ruwa. Biro kuwa ba shi da kunya. Sai dai ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Shekaranjiya na ji abin da kika ce wa innarki a madafi. Ba laɓe na yi ba, zanar ce ba ta riƙe magana. Kika ce, "Inna, ni fa ba ni zuwa makarantar nan. Baba ko mutuwa yake yi, in an tambaye shi, da sauƙi zai ce. In na tafi, wa zai gane?" Ni kuwa na kasa ƙarasa alwala. Gurbin nan na makarantar koyon aikin jinya, bara kin bar shi saboda ni. An yi miki alfarma an ajiye shi zuwa bana, kuma ke da kanki kika karanta min cewa ba za a sake ajiyewa ba. In motar Laraba ta tashi ba ke a ciki, shi ke nan, na cinye miki karatu.

Ban ji haushin maganarki ba, don gaskiya kika faɗa. Ni na jawo kika daina yarda da bakina. To bari in ba ki labarin daga ciki, tun da daga waje kika gan shi, in ya so sai ki yanke.

Shekarar da aka shiga tsuke bakin aljihu sosai, sukari ya ɓace daga kantuna. Mai shayi a Ikara sai ya bi layi tun safe, soja na tsaye da dorina yana daidaita mutane, a ƙarshe ya samu kwali ɗaya ko ya koma hannu rabbana. Abin da ya zame wa jama'a wahala, ni ya zame min kasuwa. Mazarƙwailar da ake rainawa ana cewa ta ƙauyawa ce, sai ga matan ma'aikata suna aiko direba ya saya. Tun da na gaji sana'ar nan wurin kakanki ban taɓa ganin haka ba. Ranar Laraba a kasuwar Makarfi, kafin azahar na karkaɗe buhu. Doki na juya injin matse rake daga safe har yamma, kasko biyu a kan wuta, ni ina tsakiya ina jin kaina wani ne.

A cikin haka baya ya fara min ciwo, wani irin ciwo da ke tasowa daga saman ciki ya ratsa. Na ce sunkuyon kasko ne. Tuwo ya fita raina, na ce hayaƙi ne. Sai ƙaiƙayi, in yi ta susa har fata ta yi fari. Duk wanda ya zo sai na samo masa dalili, don na san in na kira shi ciwo dole in sauke kasko, ni kuwa ba na son saukewa. Ba rashin sani ba ne, Uwata, kwaɗayi ne. Shekara ɗaya kasuwa ta dube ni ta yi murmushi, na manta da jikin da ya yi shekara arba'in da wani abu yana min bauta. Ki kiyaye wannan. Duk ranar da kika ji kina ƙirƙiro wa ciwo dalili tun ba a tambaye ki ba, to ki tsaya ki dubi abin da kike gudun bari.

Da idona ya koma rawaya, ɓoyo ya ƙare. Kowa ya dube ni sai ya ce, "Ai shawara ce." Ban taɓa ganin ciwon da ya ci sunansa kamar wannan ba, don duk wanda ya ambace shi sai ya ba ni tasa shawarar. Wannan ya ce ganyen gwanda, wancan ya ce in bar manja. Kawunki Sale ya tako keke tun daga Kudan da ƙunshin saiwoyi, ya tsaya a kaina sai da na shanye ƙwarya guda. Wani dattijo a kasuwa ya kama hannuna da gaske ya ce, "Malam Garba, rake za ka dinga sha." Ni da nake wuni a cikin rake har wuya! Na sha duk abin da aka ba ni. Ba na zarginsu, ƙauna ce ta sa, kuma da yawa sun ga shawarar da ta zo ta wuce da kanta. Laifina shi ne na fi son maganin da ba zai tambaye ni komai ba.

Innarki ce ta matsa na je asibitin Ikara. Malamin asibiti ya duba idona ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in dawo bayan mako in faɗa masa yadda na ji. Na dawo. Mutane cike da benci, shi kaɗai, ya ɗago ya ce, "Malam, yaya jikin?"

Me ɗan mutunci zai ce? Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya ce, "Madalla, ci gaba da shan maganin."

Sau uku muna haka. Shi yana tambayar ciwo, ni ina amsa gaisuwa. Haka na taso. Kakarki, wadda kika ci sunanta, ranar da za ta rasu an tambaye ta jiki, da sauƙi ta ce, muka yi ta yabonta da haƙuri. A wurinmu wanda ya ce ba sauƙi kamar ya kai ƙarar Ubangijinsa ne wurin mutane. Ina fita daga ɗakin in dafa bango saboda jiri, amma ina jin daɗi ban zubar da girmana ba.

Zuwa na huɗu na tarar malamin ya yi tafiya, Sista Rifkatu ce a kujerar, nas ɗin nan 'yar kudancin Kaduna da kike cewa kina tsoron gilashinta. Muka gaisa. Ta ce, "Baba, yaya jiki?" Na ba ta amsar da na saba. Sai ta ajiye biro, ta harɗe hannu.

"To, mun gama gaisuwa, na amsa, na gode. Yanzu kuma tambaya ce. Wandon nan naka ne?"

Na ce nawa ne mana.

"Yaushe ka fara zagaya mazagin sau biyu?"

Ta ci gaba, ba ta ko ƙifta ido. Fitsarinka wane launi ne? Bayan gida fa? Uwata, ko da innarki ban taɓa irin wannan hira ba, ga mace, sa'ar ƙanwata, tana jira. Na dubi ƙofa. Ta ce, "Ba mai shigowa. Ni kuma ba inda za ni." Da ƙyar, ina kallon ƙasa, na ce fitsari ya koma kamar shayi ba madara, ɗayan kuma fari fat kamar farar ƙasa, wata biyu ke nan. Fuskarta ta canza. Ta rubuta takarda ta ce, "Wannan ba irin shawarar da kuka sani ba ce. Wani abu ne ya toshe hanya a ciki. Babban asibiti a Zariya, gobe, ba jibi ba. Don Allah, Baba."

Wannan mata ita ta fara ceton raina, kuma da abu ɗaya ta yi shi: ta ƙi karɓar amsar farko. Ga aikin da za ki je ki koya. Za su koya miki allura da ɗaurin rauni, wannan na bar musu. Nawa shi ne, in mutanenmu suka ce miki da sauƙi, ki amsa musu da ladabi, don gaisuwa ce kuma haƙƙinsu ce. Sannan ki gyara zama ki sake tambaya. Ki dubi wuyan riga, ki dubi kwanon abincin da aka ture ƙarƙashin gado, ki dubi fuskar matar da ta rako shi. Kada ki kunyata dattijo a gaban jama'a in da hali, amma kada ki bar shi ya tafi da girmansa da ciwonsa tare.

Kin san abin da na yi da takardar. Na ninke ta na sa cikin hula, na ce bari a ci kasuwar Laraba tukuna. Laraba ta zo ta wuce, na ce bari a ƙarasa yankan raken fadama. Kwana goma sha biyu tana kaina ina yawo da ita, har gumi ya fara cin rubutun. Ke kika ɗauki hular za ki wanke, takardar ta faɗo, kika karanta. Ban manta yadda kika durƙusa a ƙofar ɗakina ba, hular a hannu ɗaya, takardar a ɗaya, kika ce, "Baba, wace mota ce ke fara tashi?" Tambayar nan ta fi min faɗa zafi.

A Zariya aka yi ta ɗibar jini ana ɗaukar hoto har kusan mako biyu. Lokaci ne da komai ya yi wuya a ƙasa, ke ce mai zirga-zirga kemis kemis neman ruwan ƙari da auduga. Ranar da babban likita ya zaunar da mu, ya zana min cikina a takarda. Ya ce akwai wata tsoka doguwa kwance a bayan tumbi, sunanta fankiriyas, ita ke taimakon narkar da abinci, ita ke daidaita sukarin jiki. Ni da na yanka raguna ban san iyaka ba, ban taɓa sanin da ita ba. Ya ce ƙari ya fito a kanta, kuma ciwon daji ne. Ya ce, "Malam, ka yi sa'a ɗaya. Naka ya tsaya daidai bakin hanyar ɗacin matsarmama ya toshe ta, shi ya sa idonka ya yi rawaya, ya tona wa kansa asiri da wuri. Da yawa ba mu ganinsu sai ya bazu, lokacin ba abin da wuƙa za ta yi. Naka ina ganin za a iya cirewa. Amma watannin da ka zauna a gida, ba ka da irinsu kuma."

Ban ji tsoro nan take ba. Abin da na ji shi ne kunya. Allah Ya aiko min da alama ƙarara a cikin idona, inda kowa zai gani, na tsaya ina amsa gaisuwa.

A bakin ƙofar ɗakin likitan na yi kuskuren da ya fi damuna. Na ce miki, "Kada ki faɗa wa innarki. Ki ce gyambon ciki ne." Na ɗauka tausayinta nake ji. Na ɗora miki kayan da ni na kasa ɗauka, yarinya ke kaɗai, na sa ki dubi mahaifiyarki ki faɗi abin da ba shi ne ba. Na ga yadda kike fita waje in ta fara cewa ai gyambo ba komai ba ne, wance ma ta yi ta warke.

Ana gobe aiki, da la'asar, ta aike ki sayen lemo, ta zauna bakin gadona tana ninke zani. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu ina wanke maka kaya. Gyambon ciki ne za a nemi jinin mutum huɗu?"

Na faɗa mata. Na zaci kuka za ta yi, sai ta ce, "Ba ɓoyon ne ya fi min ciwo ba. Kwana tara ina roƙon Allah Ya warkar maka da gyambo. Ka bar ni ina addu'a a kan ciwon da ba ka da shi."

Uwata, gaskiya ta faɗa. In Allah Ya ba ki miji, ko ƙawa ta gaskiya a can makaranta, kada ki yanke musu hukuncin cewa ba za su iya ɗauka ba. Wanda yake ƙaunarki yana da haƙƙin ya san abin da zai roƙa miki. Kuma in wani ya ce ki riƙe masa irin wannan sirri, ko ni ne, ki ce masa ba za ki iya ba.

Aikin kin fi ni saninsa, don ni barci na yi. An shiga da ni da safe, an ce sai bayan la'asar aka fito. Kawunki Sale, mai saiwoyi, shi ya fara miƙa hannu aka ɗebi jininsa, yana salati kamar za a yanka shi. Maƙwabcinmu Ayuba ya bar zuwa coci ya biyo motar farko ya ba da nasa. Har yau in mun haɗu a fadama sai ya ce in yi masa magana a hankali, jininsa ne ke yawo a jikina. Na farka da roba a hanci, roba a ciki, ɗinki daga wannan gefe zuwa wancan. An cire kan tsokar nan, da matsarmama, da wani yanki na hanji, aka sake haɗa abin da ya rage.

Za ki ce wanda ya sha wannan ya yi hankali. Ina! Kwana na biyar na tashi da rawar sanyi, cikina ya ɗaure kamar ganga, gefen ɗinkin yana zafi. Na ce miki ki ƙara min bargo ki yi shiru. Tsoro nake ji kada a ce za a sake mayar da ni ɗakin aiki, kuma na ji ana cewa wanda ya nuna ƙarfi shi ake fara sallama. Likita ya shigo zagayen safe da ɗalibansa, sun kai takwas, suka kewaye gadon. Ya ce, "Malam Garba, yaya jiki?"

Na tattara ƙarfina na yi murmushi na ce, "Da sauƙi, likita."

Har ya juya zai wuce. Sai na ji muryarki daga bayan ɗaliban.

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Tun asuba yake rawar sanyi. Ya ce kada in faɗa."

'Yata, a gaban baƙi, ta ƙaryata ni. Likita ya yaye bargon, ya taɓa cikin, na yi ƙarar da ban san ina da ita ba. Kafin azahar sun zuƙe ruwan da ya taru ya fara ruɓa, sun canza magani. Daga baya wata nas ta ce da an ƙara kwana guda, da labarin ya sha bamban.

Ni kuwa me na saka miki da shi? Kwana biyu ban yi miki magana ba. Kika miƙo kunu na juya fuska ga bango, sai innarki ta karɓa ta ba ni. Na gan ki ta taga zaune a kan dakali, kin sa kai cikin gwiwa. Na san na yi laifi tun a lokacin, amma girman kai ya hana ni kiranki. Da na huce, sai kawai na ce ki miƙo min buta, kika miƙo, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Haka muke yi a gidan nan, mu bar magana ta bushe da kanta. To damina biyu ke nan, tawa ba ta bushe ba. Ki yafe min, Uwata. Abin da kika yi ran nan ba rashin kunya ba ne. Na san abin da ya ci miki kafin ki buɗe baki, don ni na rene ki a kan kada ki yi. Ke kika ceci raina karo na biyu, kuma ban taɓa cewa na gode ba. Na gode. Allah Ya yi miki albarka.

Sauran kin sani. Watannin da muka yi muna komawa ana sa min magani cikin ruwan ƙari, in dawo ina amai, bakina duk ya fashe, ƙanshin miyar innarki ma ya zame min abokin gaba. Koyon cin abinci kamar yaro, cokali uku in huta, ba mai, ba kitse. Ranar da na fara takawa har bakin fadama na dawo da ƙafata, innarki ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Sai kuma abin dariyar: likita ya ce tun da an rage tsokar nan, ciwon sukari ya kama ni, in yi sallama da zaƙi. Mai mazarƙwaila guda! In tsaya kan kasko ina juyawa, in gane ta nuna da ido da hanci, amma ban da harshe. Kin tuna ɓallin mazarƙwailar da na ɓoye a aljihun babbar riga, na rantse ban san da shi ba, kiyashi suka yi layi daga ƙofa har ƙusar da na rataye ta? Wannan ma ƙarya ce, na san da shi sarai.

Yanzu bari in juyo kanki, don ba ni kaɗai ke da halin nan ba. Gado kika yi. Wata biyu kina kwana a kan tabarma a barandar asibiti, ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, duk wanda ya tambaye ki sai ki ce ba komai. Ranar da 'yan ajinku suka tafi makaranta bara, kin wuni kina daka abin da ba ya bukatar daka, innarki ta ce lafiya, kika ce lafiya lau. Ina jin tsoron wannan fiye da yadda kike jin tsoron nawa. Can ba mai sanin fuskarki. In abinci bai ishe ki ba, ki rubuto. In karatu ya yi miki tsauri kin faɗi jarrabawa, ki rubuto, ba za a fasa ƙaunarki ba. In wani, malami ne ko waye, ya matsa miki da abin da ranki bai so ba, ki faɗa tun ranar farko, kada ki sa shi cikin hula. Ba na ce ki bar godiya ga Allah ba. Ki ce alhamdu lillahi da zuciya ɗaya, sannan ki faɗi inda ke ciwo. Na daɗe kafin in gane waɗannan biyun ba sa faɗa da juna.

Kin tambayi innarki wa zai gane in kin tafi. Ga abin da muka shirya. Na ba ta izini, kuma kin san ba ta wasa da izini. Kowace safiya ta gaishe ni in amsa, sannan ta tambaye ni, ta ja ni bakin ƙofa ta buɗe idona a haske. Farkon kowane wata zan je wurin Sista Rifkatu ta ɗora ni a sikeli, na kuma ce ta rubuto miki abin da ta gani da hannunta, ba sai ya bi ta bakina ba. Ranar komawa Zariya kawunki Sale zai raka ni, ya yi alkawari ba zai zo da saiwa ba.

Ni kuma ga nawa alkawarin, kuma bari in fara cika shi tun yanzu, ki gani ko na iya. Ga jikina yau. Ɗinkin yana ja na in na sunkuya da yawa. In na ci abu mai maiƙo cikina yana lalacewa kwana guda. Ina gajiya kafin la'asar, ba kamar da ba. Idona fari ne, baya ba ya ciwo, wandon da kika rage min bara ya fara matse ni. Zuwan da muka yi na ƙarshe likita ya ce bai ga komai ba. Amma bai ce ba zai dawo ba, ya ce wannan ciwo ba a yi masa alkawari, kuma ba zan ce miki ya faɗi abin da bai faɗa ba. Duk sanda ranar komawa ta matso, sai in kwana biyu abinci ba ya min daɗi saboda fargaba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. In ya dawo, innarki ce ta farko da za ta sani, ke ce ta biyu, kuma a ranar zan aika, ba bayan kasuwa ba.

Zamanki a gida ba zai hana shi dawowa ba, Uwata. Abin da zai yi kawai shi ne in dinga ganinki a tsakar gida kina tankaɗe, in san ni na ajiye ki. Akwai dattawa irina da yawa a Paki da Janfalan da ko'ina, suna zaune kan benci da ciwo a ciki da amsa mai daɗi a baki, suna jiran wadda za ta ajiye biro ta sake tambaya. Ke kin riga kin iya abin da ya fi wuya a aikin, a kaina kika koya.

Saura gaskiya ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Ba na son ki tafi. Tun da aka sauko da akwatinki daga kan rumbu nake kewaye shi kamar zai cije ni. Zan yi kewarki ƙwarai, gidan nan zai yi min faɗi. Duk da haka ki tafi. Umurni ne, kuma roƙo ne.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum. Allah Ya buɗe miki karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin waraka ga bayinSa, Ya dawo min da ke ina da rai in gan ki cikin farin kaya. Amin.

Ranar Laraba ni zan ɗauki akwatin zuwa tasha, kada ki yi min gardama, ba shi da nauyi. In mota ta cika kika ga na juya baya ina duba tayar direba, kada ki tambaye ni lafiya a gaban mutane. A can ba zan iya faɗin gaskiya ba, kuma na yi miki alkawarin na daina ƙarya.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Garba mai mazarƙwaila.